Ka sayi had dis mai tera 4, tsohuwar kwamfutarka tana nuna 2 kawai? Ga yadda za ka fito da sauran

Wani yaro mai shagon tura fina-finai a unguwarmu ya shigo min da sassafe fuskar nan a murtuke, had dis a leda, wai shi an cuce shi. Ya daɗe yana tara kuɗi ya sayi mai tera 4 saboda na wajensa ya cika maƙil har sai ya goge tsofaffin fassara kafin ya zuba sabbi, ya jona shi a tsohuwar destof ɗinsa irin Core 2 Duo ɗin nan na hannu da ake shigowa da su, ya yi fomatin, sai ya ga giga 2048 kacal. Ya ce min "Oga wallahi rabin kuɗina aka cinye, yanzu zan koma kasuwar a yi ta ta ƙare." Na ce ƙanena zauna ka sha ruwa tukuna, babu wanda ya cuce ka. Ko minti goma ba mu yi ba sai ga 3726 a allo. Maimakon godiya sai ya ce "to Oga ina sauran 274 ɗin?"

To bari mu fara da wannan tambayar tasa tunda ita ce mai sauƙi. Masu ƙera had dis da 1000 suke ƙirga, ita kuma Windows da 1024 take ƙirga, kamar dai yadda mudun wata kasuwa ya fi na wata girma alhali duk mudu ake ce musu, hatsin bai ragu ba, abin awon ne ya bambanta. Shi ya sa mai giga 500 zai nuna maka 465, mai tera 1 ya nuna 931, tera 2 ya nuna 1863, tera 3 ya nuna 2794, tera 4 ya nuna 3726, tera 8 kuma 7452. In lambar da kake gani tana cikin waɗannan to lafiyarka ƙalau, rufe wannan rubutun ka je ka ci gaba da harkarka.

In kuma ba ta ciki, to lambar da ka gani ɗin ita za ta faɗa maka inda ciwon yake, don haka kar ka taɓa komai sai ka karanta ta da kyau.

Mataki na farko: ka leƙa inda ya dace

Mutane da yawa My Computer ko This PC suke buɗewa su duba, alhali nan fatishan kawai yake nuna maka, wato ɗakunan da aka riga aka yanka, ba ya nuna girman filin gaba ɗaya. Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta diskmgmt.msc ka danna Enter. Disk Management zai buɗe. Duba ƙasa ta hagu, za ka ga Disk 0, Disk 1 da sauransu, kowanne da girmansa a rubuce a ƙarƙashin sunansa.

In ka ga jimillar daidai take, misali 3726, amma ta dama an raba shi biyu, 2048 a gefe sannan wani yanki mai baƙin layi a sama an rubuta Unallocated mai 1678, kuma in ka danna masa dama duk zaɓin sun dusashe ba sa dannuwa, to matsalar MBR ce, ita ce ta yaron nan, kuma ita ce aka fi kawo min nesa ba kusa ba. A mai tera 3 ragowar 746 za ka gani.

In kuma ita kanta jimillar ce ba daidai ba, wato a ƙarƙashin Disk 1 ɗin an rubuta 746 ko 1678 babu wani ragowa a ko'ina, wannan wani ciwon ne daban kuma ya fi haɗari, direba ne, wato manhajar da Windows take magana da had dis ta cikinta, ko kesin ɗin USB, kar ka zuba ko fayil ɗaya a ciki sai ka karanta inda na yi bayaninsa a ƙasa. In 127 ko 128 ko 137 ka gani, to kwamfutarka ta ga jiya ta ga yau, ita ma da nata bayanin. In ma bai fito ba sam, mu duba wuta da kebul.

Mene ne MBR ɗin nan da ya tsaya a 2048?

Kowane had dis yana da ɗan littafin rajista a farkonsa inda ake rubuta fatishan kaza daga nan ya fara a nan ya ƙare. Tsohon salon rajistar shi ne MBR, tun 1983 ake amfani da shi, lokacin da had dis ɗin IBM XT mega 10 ne gaba ɗayansa, mega fa ba giga ba, ko waƙa uku masu kyau ba zai ɗauka ba. Shi had dis an yanka shi ƙananan gidaje ne da ake kira sekta, kowanne bayit 512, kuma gurbin da MBR ya ware don rubuta lambar gida bit 32 ne, wato iyakar ƙirgarsa gida 4,294,967,296. Ka ninka wannan da 512 sai ya ba ka giga 2048 cif a lissafin Windows, ko tera 2.2 a lissafin kamfani. Duk gidan da ya wuce nan yana nan lafiya lau amma ba shi da lamba a rajista, shi ya sa ba ya taɓuwa. A lokacin wa zai yi tunanin za a kai nan? Sai a 2010 da masu tera 3 suka fara shigowa kasuwa kowa ya fara cin karo da katangar.

Sabon salon shi ne GPT, shi bit 64 yake amfani da shi, iyakarsa ba abin da za ka damu da shi ba ne a rayuwarka. Kuma MBR fatishan 4 na asali kawai yake yarda da su, GPT kuwa a Windows har 128, sannan yana ajiye kwafin rajistar a ƙarshen had dis ɗin ko da ta farko ta lalace.

Ga inda mutane suke ruɗewa, kuma wallahi har wasu masu gyara suna faɗin haka, wai tsohuwar kwamfuta mai BIOS, wato ɗan tsarin da ke fara tada kwamfuta kafin Windows, ba ta iya aiki da GPT. Ba haka ba ne. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta tashi Windows daga kan had dis mai GPT, wannan kam sai mai UEFI, sabon tsarin da ya gaji BIOS. Amma ta karanta shi a matsayin wurin ajiya, ta zuba ta kwashe, wannan aikin Windows ne ba na BIOS ba, kuma tun daga Vista zuwa 7, 8, 10 da 11 duk suna yi, ko mai bit 32 ce ko mai 64. Da zarar Windows ta tashi ta karɓi ragama, da direbanta take magana da had dis, ba ta ƙara tambayar BIOS komai. Shi ya sa ko ka shiga BIOS ka ga ya rubuta wata lamba ta shirme kamar giga 801 kar hankalinka ya tashi, in dai Disk Management ya nuna daidai shikenan.

Saboda haka shawarata, kuma ita nake ba kowa: ka bar Windows a kan ƙaramin had dis ɗinka na da, ko ma ka sayi ƙaramin SSD mai giga 128 ko 256 ka sa mata, shi kuma babban ka mai da shi rumbu zalla. Ka huta da ciwon kai, kwamfutar ta ƙara sauri, kuma ranar da Windows ta lalace ka sake ta ba tare da ka taɓa kayanka ba. In ka buɗe destof ɗin ka ga babu kebul ɗin SATA na biyu, zare na DVD ka yi amfani da shi, yaushe rabonka da sa faifai a ciki? SSD kuma ba ya buƙatar wani mazauni na musamman tunda babu abin da ke juyawa a cikinsa, ko da igiyar roba ka ɗaure shi a gefe ya wadatar.

Mataki na biyu: mai da shi GPT

In sabo ne fil ba a taɓa komai a kai ba, kana buɗe Disk Management akwati zai fito mai suna Initialize Disk yana tambayarka MBR ko GPT. A Windows 7 MBR ne a zaɓe tun asali, mutum ya danna OK da sauri bai karanta ba, nan yaron nan ya faɗa rami. Zaɓi GPT ka danna OK.

In an riga an yi masa MBR kuma babu kaya a ciki, ko ka kwashe kayan zuwa wani wuri, sai ka danna dama a kan kowane fatishan da ke kansa ka zaɓi Delete Volume har ya zama duk baƙin layi. Sannan ka kai linzaminka kan ɗan akwatin hagu inda aka rubuta Disk 1, a nan fa ba a kan dogon layin ba, ka danna dama ka zaɓi Convert to GPT Disk. In ka ga zaɓin a dusashe to akwai sauran fatishan da ba ka goge ba. Yana juyawa za ka ga yanki biyun nan sun haɗe sun zama ɗaya. Danna masa dama, New Simple Volume, Next, bar girman yadda yake in ɗaki ɗaya kake so, ba shi harafi, a wurin File system ka bar shi a NTFS, ka sa masa suna, Finish.

Kar ka ce za ka yi FAT32, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, fim ɗaya mai kyau ya isa ya ƙi shiga. exFAT kuma sai in za ka riƙa yawo da shi tsakanin Windows da Mac, amma ga wanda zai zauna cikin kwamfuta a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, NTFS ya fi jure wahala saboda yana rubuta abin da zai yi kafin ya yi, in wuta ta tafi a tsakiya yana iya gyara kansa.

Wani lokaci akwai ɗan ƙaramin fatishan mai taurin kai da Disk Management zai ƙi gogewa, musamman in had dis ɗin ya taɓa zama a wata na'ura. Nan sai diskpart. Buɗe cmd ta hanyar Run as administrator ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya kana danna Enter:

diskpart
list disk
select disk 1
detail disk
clean
convert gpt
create partition primary
format fs=ntfs quick
assign
exit

Lambar 1 ɗin nan misali ce kawai, kai ka duba girman da list disk ya nuna ka gane wanne ne naka, kuma duk wanda ka ga tauraro a gabansa a ƙarƙashin Gpt to ya riga ya zama GPT. Na sa detail disk a tsakiya ne da gangan saboda abin da ya taɓa faruwa da ni. Wata rana da yamma na gaji, had dis biyu a jone, ɗaya sabo ɗaya na wani mai ɗaukar hoton biki da ya kawo a kwafe masa aiki, na rubuta select disk 2 a zatona sabon ne na buga clean. Shi clean ba ya tambayarka ka tabbata? ko kaɗan, cikin daƙiƙa ɗaya ya ce ya gama, ina ɗaga kai na ga harafin E ya ɓace daga allo, gumi ya karyo min duk da fanka tana kaina, hotunan bikin mutane uku ne a ciki ba a kai musu ba. Abin da ya cece ni shi ne clean rajistar kawai yake sharewa ba kayan ba, kuma ban rubuta komai a kai ba bayan nan, da manhajar TestDisk na dawo da fatishan ɗin a daren. Da clean all na rubuta, wanda yake bin ko'ina da sifili, da sai dai in je in ba da haƙuri. Tun ranar in zan yi wannan aikin sai na zare duk wani had dis da fulash da ba ruwansu, in bar na Windows da wanda zan yi wa aiki kawai, kai ma ka yi haka dan Allah.

In ka riga ka zuba kaya a ciki fa?

Hanya mafi tsafta ita ce ka ari wani had dis ka kwashe, ka juya, ka mayar. Na san abin da za ka ce, ina zan samu inda zan zuba tera 2? Akwai hanyar juyawa ba tare da gogewa ba, manhajar gdisk tana yi kuma kyauta ce. Ka tashi kwamfutar da fulash mai Ubuntu, wani nau'in Linux, ba tare da ka girka ta ba, ka buɗe Terminal, ka rubuta lsblk ka gane sunan had dis ɗin ta girmansa, a ce sdb ne, sai ka rubuta sudo gdisk /dev/sdb, zai gaya maka ya ga MBR kuma zai mai da shi GPT, ka danna w sannan y. Ka koma Windows, a Disk Management ka danna dama a kan fatishan ɗin ka zaɓi Extend Volume ya haɗiye ragowar, ko ka yanka sabon ɗaki a wurin. Amma kar ka yi wannan a kan had dis ɗin da Windows take kai, ba za ta ƙara tashi ba. Kuma ko da wannan hanyar, abin da ka san in ya ɓata za ka yi kuka, takardun makaranta, hotunan iyali, lissafin shago, ka kwafe su a wani wuri tukuna. Fim ana sake samu.

Ga wanda ya dage sai Windows ta zauna a kan babban

To sai mu duba ko kwamfutar tana da UEFI. Yawancin waɗanda aka yi daga wajen 2011 ko 2012 zuwa yau suna da shi, musamman duk wadda ta zo da tambarin Windows 8. Irin su Dell OptiPlex 755, 760 da 780 BIOS ne zalla, amma 7010 tana da UEFI. A Windows 10 rubuta msinfo32 ka duba layin BIOS Mode, sai dai in ya ce Legacy ba yana nufin babu UEFI ba, yana iya yiwuwa wanda ya yi maka girkin ne ya bi tsohuwar hanya. Tabbaci shi ne ka shiga saitin da kanka lokacin da take tashi, F2 a Dell, F10 a HP, F1 a destof ɗin Lenovo, ka nemi wurin Boot ka ga ko akwai zaɓi tsakanin Legacy da UEFI.

In akwai, kuma sabon girki za ka yi, to Windows ɗin ta zama mai bit 64. Wajen haɗa fulash ɗin girki da manhajar Rufus ka zaɓi GPT a Partition scheme, sannan wajen tashi ka danna F12 a Dell ko F9 a HP ka zaɓi sunan fulash ɗin da aka rubuta UEFI a gabansa, domin sau da yawa sau biyu yake fitowa a jerin. In ka zaɓi ɗayan ko dai ta ƙi tashi, ko ka kai tsakiyar aiki ta ce maka ba za ta iya girki a nan ba saboda faifan GPT ne, mutane kuma su koma su mai da shi MBR su sake faɗawa ramin 2048. In ka isa inda ake zaɓen wurin girki, Shift da F10 zai buɗe maka cmd, ka yi diskpart, select, clean, convert gpt, ka fita ka danna Refresh.

In kuma Windows 10 tana kai tuntuni kuma ba ka son sake girki, akwai mbr2gpt da Microsoft ta saka tun fitowar 1703 a 2017. A cmd na administrator:

mbr2gpt /validate /allowFullOS
mbr2gpt /convert /allowFullOS

Na farkon dubawa kawai yake yi, in ya ƙi to kar ka matsa, galibi fatishan ɗinka sun wuce 3 ne ko akwai irin Logical a ciki. In na biyun ya gama sai ka sake tashinta ka shiga saiti ka mai da Boot zuwa UEFI, in ba ka yi ba baƙin allo za ka gani. Kuma ina ƙara faɗa, kar ka buga convert sai ka gani da idonka cewa akwai UEFI a kwamfutar, babu maɓallin komawa baya. Bayan nan wataƙila Extend Volume ya ƙi yi a kan C saboda ɗan fatishan ɗin da aka ƙirƙira ya tare hanya, ba komai, yanka D a ragowar.

In babu UEFI kuma ramin had dis ɗaya ne tak, gaskiya ɗaya ce, da Windows 2048 za ka ci ka bar sauran. Linux kuwa tana tashi daga GPT a kan tsohon BIOS cikin sauƙi, da ɗan fatishan mai mega 1 da ake ware wa GRUB, manhajar da ke tada ta.

Matsalar 746 da 1678

Ka san agogon kilomita na tsohuwar mota, in ya kai 99999 sai ya koma sifili ya fara sabon ƙirga? Haka tsohon direba ko tsohon kesin yake yi, ya ƙirga zuwa 2048 ya koma farko, sai ya nuna maka ragowar kawai, 2794 a cire 2048 saura 746. Haɗarin shi ne irin wannan na iya ɗaukar abin da ya kamata ya rubuta a can ƙarshe ya zo ya zuba shi a farkon had dis ɗin a kan rajista, ka wayi gari ya ce a yi fomatin.

In ta USB ka jona shi, fara zargin kesin ɗin ko mazaunin da ake soka shi a ciki, da yawa daga na da ba sa wuce tera 2. Ciro shi ka jona kai tsaye da SATA a cikin destof, in ya nuna daidai to kesin za ka canza, ka duba kwalin sabon ka ga iyakar da aka rubuta. In kuma a ciki yake, direba ne. Direbobin Intel Rapid Storage da suka girmi fitowa ta 10.1 an san su da wannan, haka wasu tsofaffin na nForce. Rubuta devmgmt.msc, buɗe IDE ATA/ATAPI controllers ko Storage controllers, danna dama a kan na SATA ɗin, Update driver, Browse my computer, Let me pick, ka zaɓi na Microsoft, a Windows 10 sunansa Standard SATA AHCI Controller, a 7 kuma Standard AHCI 1.0 Serial ATA Controller, ka sake tashinta. Sai jimillar ta dawo daidai sannan ka yi GPT, ba kafin nan ba.

Wani zai ce maka ka shiga BIOS ka canza SATA daga IDE zuwa AHCI. AHCI ya fi kam, amma in ka canza haka kawai bayan an riga an girka Windows shuɗin allo za ta ba ka mai 7B a ƙarshe. In hakan ta faru kar ka firgita, mayar da shi yadda yake za ta tashi. In duk ka yi wannan abin ya ƙi, ko kwamfutar tana sanƙarewa a tambarin farko duk lokacin da babban yake jone, ka nemi sabunta BIOS daga shafin kamfanin da ya yi ta, da UPS ko inbata a jone domin in wuta ta tafi a tsakiya madabod ɗin ya tafi kenan, ko ka sayi ɗan katin SATA na ramin PCIe irin mai ASM1061 ka jona babban a kansa.

Akwai kuma wani abu da ke ba mutane tsoro. Wasu tsofaffin had dis na waje masu tera 3 da 4, kesin ɗinsu yana nuna wa kwamfuta sekta mai bayit 4096 maimakon 512 domin MBR ya iya kaiwa tera 16 har XP ta karanta. Ranar da ka fasa kesin ka jona shi kai tsaye sai Windows ta ce ba ta san shi ba a yi fomatin. Kar ka yarda, kayanka suna nan, mayar da shi kesin ɗinsa ka kwashe tukuna.

Masu XP da na zamanin IDE

Har yanzu akwai su, musamman a wuraren da wata tsohuwar na'urar buga takardu ko ta yankan sitika ba ta aiki sai da XP. Katangar 137 daga ƙirgar bit 28 ta zo, gida 268,435,456 sau 512, kuma an warware ta da ƙirgar bit 48. XP ta asali ba ta da shi a kunne, daga Service Pack 1 ne ya zo, don haka ka sa SP3 ragowar za ta fito ka yanka mata fatishan. In had dis mai faffaɗan kebul ne ka ga giga 32, duba ɗan jamfa da ke bayansa, akwai matsayin da ke taƙaita girma, zanen yana jikin takardar da ke manne a kai. Amma XP mai bit 32 ba ta karanta GPT sam, za ta nuna maka GPT Protective Partition, kar ka goge shi, kayan wani ne a ciki. Ga XP ka tsaya a tera 2 da MBR kawai.

In bai fito ba gaba ɗaya

Sa yatsa a bayansa ka ji ko yana juyawa. Babban na destof sai da wutar bolt 12, USB kaɗai ba ta tada shi, dole kesin mai adafta. In a ciki yake kuma shiru, canza kebul ɗin wuta da na SATA tukuna. In wanda aka ciro daga kesin ne, irin manyan nan na tera 8 zuwa sama, wasunsu in suka ji wutar bolt 3.3 a fil na uku na wurin jona kebul ɗin wuta sai su ƙi tashi, kuma fawa saflai da yawa suna ba da ita ta wayar nan mai ruwan lemo. Maganin shi ne ka liƙe fil na uku da siririn tef, kana ƙirgawa daga gefen da ke kusa da wurin kebul ɗin data, ko ka yi amfani da adaftar Molex zuwa SATA tunda ita ba ta da 3.3, amma ka sayi mai kyau, masu arhar nan suna narkewa. Masu laftof kuma ku lura, ramin laftof kaurin milimita 7 ne ko 9.5, ƙananan had dis masu tera 4 da 5 kuwa milimita 15 ne, ba za su shiga ba ko ka danna da ƙafa.

Kafin ka amince masa da kayanka

Sa CrystalDiskInfo ka duba. In ya ce Good da shuɗi madalla, in Caution ne da rawaya mayar wa mai shi tun kafin ya ce kai ka lalata. Duba Power On Hours ma, wanda aka ce maka sabo ne ka ga ya yi awa dubu ashirin yana aiki ka san daga inda ya fito. Sannan ka gwada shi da H2testw, tana cika shi da bayanai har ƙarshe ta dawo ta karanta, ita ce ke tona asirin na jabu irin waɗanda ake rubuta tera 16 a jiki alhali ɗan katin memori ne a ciki, kuma ita za ta tabbatar maka an wuce katangar 2048 lafiya ba a dawo an taka farko ba. Mai tera 4 zai ci wajen awa bakwai zuwa takwas a rubutu da kamar haka a karatu in ta SATA ne, ta tsohuwar USB 2.0 kuwa kwanaki zai yi, don haka ka fara ranar da ka san akwai wuta ko ka shirya man janareta, ka kuma shiga Power Options ka hana kwamfutar yin barci kafin ka tafi ka bar ta.